Baba yana zaton akitek zan zama, ga shi zai zo bajekolin makarantarmu

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 21, ina aji biyu a jami'a. Asali zanen gine-gine na nema ban samu ba, sai aka ba ni wani kwas a tsangaya ɗaya da su, na tsara wurare da dandamalin wasanni, wato mu ne masu tsara yadda wuri zai kasance, dandamalin wasan kwaikwayo, zauren baje koli, fitilu, har kayan da 'yan wasa ke sawa. Da Baba ya tambaye ni sai na ce a tsangayar zanen gine-gine nake, kuma gaskiya ne a can nake, shi kuma ya ɗauka akitek zan zama ni kuma ban gyara masa ba don na san in ya ji kalmar wasan kwaikwayo shikenan an gama. Niyyata in canza kwas bayan shekara ɗaya, amma wallahi Anti sai na tsinci kaina ina son abin, ina iya kwana ina yanka kwali ban gaji ba. Mama ta sani, ta ce ba ruwanta amma kullum a tsorace take. Yanzu Baba yana ta faɗa wa abokansa 'yarsa akitek ce, har ya ce in zana masa gidan da yake son ginawa, sannan nan da sati shida za mu yi bajekolin ƙarshen shekara kuma ya ce da ƙafarsa zai zo, ni kuwa aikina dandamalin wasa ne. Shi yake biya min kuɗin makaranta. Ƙawata ta ce in ari aikin wata 'yar ajin akitek in nuna masa ko in ce an ɗaga bikin. Ba na iya barci. Ya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sai da na karanta wasiƙarki sau biyu, a na farko shawarar ƙawarki ta ba ni dariya, a na biyu kuma tausayinki ya kama ni, don mutum ya shekara biyu da magana a ciki, duk sanda waya ta yi ƙara ya ga sunan Baba gabansa ya faɗi, ba ƙaramar wahala ba ce. To amma mu fara ture shawarar ƙawar nan gefe. Kar ki kuskura. A bajekolin makaranta kowane aiki da sunan mai shi manne a gefensa, malamai suna tsaye suna gaisawa da iyaye, kuma abu na farko da lakcara zai yi in ya gane wannan mahaifinki ne shi ne ya ja shi gaban aikinki na gaskiya ya hau yabon ki, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Ga shi za ki jefa 'yar mutane cikin abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. In kuma kin ce an ɗaga, 'yan watanni kawai kika saya, akwai ranar kammalawa tana nan tafe kuma sunan kwas ɗin ɓaro-ɓaro zai fito a jikin takardar shaida.

Sai ki yi haƙuri da abin da zan faɗa yanzu. Kin ce gaskiya ne a tsangayar kike, eh gaskiya ne, amma kin san abin da ya fahimta kuma kin bar shi a haka shekara biyu, wannan yaudara ce ko da kowace kalma da kika furta daidai ce. Ba don in ƙara miki nauyi na faɗa ba, na san yarinya 'yar shekara 19 da aka hana ta abin da ta nema, ga kunya ga tsoro, abu ne mai sauƙi ta yi shiru ta ce gobe na gyara, goben kuma ta yi ta nisa. Na faɗa ne don in kika je gabansa da wannan hujjar ta "ai ban yi ƙarya ba", kin ɓata komai tun kafin a fara. Wannan jumlar ki bar ta a makaranta.

Ki ɗan shiga takalmin... a'a, ki ɗan zauna a inda Baba yake zaune ki duba. Ke kina ganin kalmar wasan kwaikwayo ce za ta tayar masa da hankali, ni kuwa ina ganin ba ita ce ta fi ciwo ba. Mutum ne da ya buɗe baki gaban sa'o'insa ya yi alfahari da 'yarsa, yanzu zai gane duk lokacin nan shi kaɗai ne a duhu, matarsa ta sani 'yarsa ta sani. Wannan zafin ba ki da abin kare kanki a kansa, sai ban haƙuri kawai, kuma ki ba shi lokaci ya ji haushinsa, hakkinsa ne. Sauran biyun, wato mene ne ma wannan karatun da kuma me za ki ci da shi, su ne kike da amsa a kansu, kuma kuskuren da yara da yawa ke yi shi ne su gaggauta kawo waɗannan amsoshin alhali uban bai gama da ciwon farko ba, sai ya ji kamar ana masa lakca ne a maimakon a ba shi haƙuri.

Akwai gaskiya ɗaya mai ɗaci da dole ke ma ki haɗiye kafin ki je. Digirin da kike yi ba zai mai da ke akitek ba, ko da kuna zama ɗaki ɗaya da su kuna amfani da manhaja ɗaya. A ƙasashe da yawa wannan suna ne da doka ta killace, sai wanda ya yi karatun da hukumar rajista ta amince da shi, ya yi aiki ƙarƙashin ƙwararru, ya ci jarrabawa. A Birtaniya misali dokar 1997 ta hana mutum kiran kansa akitek a harkar sana'a in sunansa ba ya cikin rajista, kuma hanyar da aka saba bi tana cin aƙalla shekara bakwai. Saboda haka kar ki ce masa "ai kusan duk ɗaya ne", ba ɗaya ba ne, kuma in ya tambayi wani masani ya gano, kin yi masa ta biyu kenan. Gidan nan ma kar ki soma zana masa abin da magina za su ɗauka su hau aiki da shi, ba a koya miki lissafin ginshiƙi da tushe da nauyin rufi ba, kuma rayukan mutane ne za su kwana a ciki.

To me aka koya miki? Nan ne nake so ki zauna ki shirya bakinki sosai, don na lura ko a wasiƙarki da "fitilu, har kayan da 'yan wasa ke sawa" kika bayyana shi, kamar mai jin kunyar abin. Baba yana jin wasan kwaikwayo zai hango ki a kan dandamali ana kallon ki, alhali mai wannan aikin galibi 'yan kallo ba su ma san fuskarsa ba, shi yana can da abin awo da kafinta da mai walda da mai haɗa wuta da tela. Ke ce mai yanke hukuncin ta ina mutum ɗari biyar za su shiga zaure, ina za su zauna, wanda ke kujerar ƙarshe ta can gefe zai ga abin da ake yi ko ginshiƙi ya tare shi, kuma in wani abu ya faru ta ina za su fita. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. A watan Disamba na 1903 gobara ta tashi a gidan wasa na Iroquois da ke Shikago a Amurka, fitilar dandamali ce ta kama labule, mutum wajen 600 suka mutu, da yawansu mata da yara, saboda wasu ƙofofin a kulle suke wasu kuma mutane ba su san yadda ake buɗe su ba. Bayan nan ne aka tsananta dokokin ƙofar fita, kuma wannan ƙarfen da kike gani a gicciye jikin ƙofofin manyan zauruka wanda da an tura shi ƙofa ke buɗewa waje, irin wannan masifar ce ta sa ya bazu. In Baba mutum ne mai son abu mai nauyi, ta nan za ki shigo masa, ki nuna masa taswirar aikinki inda kika ware hanyoyin fita da faɗin kowace hanya.

Sannan ki yi amfani da abin da ke hannunki, samfurin nan na kwali da kike kwana kina yankawa. Gani ya kori ji. In a ma'aunin 1:25 kuka yi shi kamar yadda aka saba a gidajen wasa da yawa, kin ga mutum mai tsawon mita 1.75 ya koma santimita 7, ƙofa mai mita 2 ta koma santimita 8, ki miƙa masa abin awo ya gwada da kansa, ki kashe fitilar ɗaki ki haska masa da tocila ta gefe sannan ta sama ya ga yadda wuri ɗaya yake komawa wuri biyu. Ban taɓa ganin babban mutumin da aka ajiye wa irin wannan akwatin a gabansa bai sunkuya ya leƙa ciki ba, ko yana fushi kuwa. Wannan wasan da haske da matakala ma ilimi ne mai tarihi, Adolphe Appia ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya rasu a 1928, shi ne ya dage cewa a daina dogaro da zanen fenti a labulen baya, a gina wuri na gaske mai tudu da kwari a bar haske ya yi aikinsa, na tabbata kun ji sunansa a aji har kun gaji. Wanda zai fi yi wa Baba ma'ana ina ga Josef Svoboda ne na ƙasar Cek, ɗan kafinta ne da ya fara koyon sana'ar mahaifinsa, ya karanta zanen gine-gine, amma ya ƙare rayuwarsa yana tsara dandamali, ya yi ɗaruruwa. A babban birnin ƙasarsu Prague kuma tun 1967 duk shekara huɗu ake taron duniya na masu wannan sana'ar, har da ɓangaren ɗalibai. Akwai kuma Es Devlin 'yar Ingila wadda adabin Turanci ta fara karantawa kafin ta koma tsara dandamali, ita ta tsara bikin rufe gasar Olamfik ta Landan a 2012, ita kuma ta tsara rumfar Birtaniya a bajekolin duniya na Dubai. Amma dan Allah kar ki jera masa su kamar kina cewa ga inda zan kai, a kowace sana'a irin waɗannan 'yan ƙalilan ne, kuma iyaye suna gane cika baki tun daga nesa. Suna ɗaya ya isa, don ya san ba ku kuka ƙirƙiro abin jiya ba.

Batun abin yi bayan karatu kuwa, in ya nuna damuwa yana da gaskiya, kar ki musa masa. Yawancin masu tsara dandamalin wasa aikin kwangila suke yi, a gama wannan a jira wancan, ba albashin wata ba, kuma shekarun farko mataimakiyar wani za ki zama kina yanka masa kwali kina gyara masa zane. A watan Maris na 2020 da annobar korona ta sa aka rufe gidajen wasa na Landan da New York, masu irin wannan aikin suna cikin waɗanda suka fara zama hannu rabbana, na New York ma sai bayan fiye da shekara suka dawo. Abin da ya cece ki shi ne kwas ɗinki ƙafa biyu gare shi, ɗayar ƙafar ta tsara wurare ita ce ta fi kasuwa, gidajen tarihi, bajekolin kamfanoni, cikin shaguna da ofisoshi, zaurukan taro, ɗakunan watsa shirye-shiryen talabijin. Shawarata a shekarar ƙarshe kar ki bar kundin ayyukanki ya zama dandamalin wasa zalla, ki tabbatar akwai aƙalla manyan ayyuka biyu na wancan ɓangaren, ki ƙware a zanen aiki mai awo wanda kafinta zai karanta ba tare da ya kira ki ba, ki riƙe manhajar zane ta kwamfuta irin AutoCAD ko Vectorworks da kyau, ki haɗa da SketchUp ko Rhino, Blender ma kyauta ce ba ki da uzuri, sannan hutun nan mai zuwa ki nemi wajen koyon aiki ko na wata ɗaya ne. Kin ga in ya ce me za ki ci da shi, amsarki ta zama tsari a rubuce, ba "Allah zai buɗa" kaɗai ba, duk da dai Shi ne mai buɗawar.

Mama fa? Wallahi ita na fi tausaya wa a labarin nan. Kin ɗora mata kayan da ba ta ce a ɗora mata ba, kuma ranar da magana ta fito tambayar farko da zai juya ya yi mata ita ce ke ma kin sani? Ki fara zama da ita, ki ba ta haƙuri, ki gaya mata ranar da kika tsayar, ki tambaye ta tana so ta kasance a wajen ko a'a ki kuma mutunta amsarta. Kar ki tura ta ta faɗa a madadinki, bakin da ya ƙulla shi zai kwance. In ya tambaya ki ce masa ni na roƙe ta, ta sha ce min in faɗa maka, laifin nawa ne, in dai haka abin yake.

Yanzu yadda za a yi. Sati shida gare ki, to cikin sati biyun farko za ki yi maganar, don a bar masa wata guda ya huce kafin ranar. Ido da ido, ba a waya ba, ba ta saƙo ba, ko da tafiyar za ta ci miki lakca ɗaya ko biyu. Ki zaɓi lokacin da ya natsu ba baƙi a gidan. Ki fara da laifin kai tsaye, wani abu kamar Baba na zo neman gafara ne, na bar ka kana zaton zanen gine-gine nake karantawa alhali ba shi aka ba ni ba, tsoro ne ya hana ni faɗa kuma ban kyauta ba. Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi miki tsawo kamar shekara amma ki daure, in ya yi faɗa ki saurara, in ya tashi ya fita kar ki bi shi da bayani. Akwatin samfurin ki bar shi a ɗaki a zaman farko, sai washegari ko bayan kwana biyu, ko sanda shi da kansa ya ce to wai me kike karantawar. In kin san yana da zafin da zai iya yanke hukunci nan take ya kasa janyewa saboda girma, ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, yayansa ko wani amininsa, ki fara yi masa bayani ya zauna a wajen. Mutum ɗaya na ce, kar ya zama taron dangi, don sai kunyar ta ninka.

Kafin ki tafi kuma ki shiga ofishin shugaban sashenku ki yi tambayoyi, ki rubuta amsoshin. In mutum yana son komawa zanen gine-gine daga aji biyu zai yiwu, daga wane aji zai fara, darussa nawa za a lissafa masa? In an gama wannan digirin akwai hanyar shiga daga baya? A Amurka misali akwai jami'o'in da ke da digiri na biyu na zanen gine-gine mai ɗaukar kamar shekara uku wanda aka tanada don masu digirin farko a wani fanni, amma kowace ƙasa da dokarta, sai ki ji na inda kike daga bakin hukumar da ke rajista. Ki tambayi batun tallafin karatu da biyan kuɗi kashi-kashi da kuma dakatar da karatu na shekara ɗaya ba tare da rasa gurbi ba, ba don ina fatan ya janye hannunsa ba, sai don kar tsoron hakan ya sa ki sake yin shiru. In ya ce lallai sai kin canza, kar ki ce eh kar ki ce a'a a wajen, ki roƙe shi ya zo bajekolin tukuna ya gana da malaminki sannan a yanke. Ki kuma sa masa lissafin a gaba, shekara ɗaya ta rage miki nan, can kuwa wataƙila komawa baya ne da ƙarin shekarun biyan kuɗi daga aljihunsa. Iyaye da yawa in suka ga wannan da kansu suke cewa to ƙarasa mu gani. In kuma bayan duk wannan ya tsaya kan bakansa kuma ke ma da can abin da kika nema kenan, canzawar ba mutuwa ba ce, idon da kika samu na haske da motsin mutane a cikin wuri zai bi ki can. Ke dai ki tambayi kanki tsakani da Allah, ranar da malamai suka tsaya kan aikinki suka yi masa fida gaban 'yan aji, washegari kin koma kin ɗauki reza da gam ko kuwa? In kin koma, ki faɗa masa haka.

Gidan kuma kar ki ce masa ba za ki iya ba ki tsaya nan. Ki ce a samo akitek mai rajista da injiniya su yi nasu su sa hannu, ke kuma ki zauna da su a kan abin da kika sani, ta ina rana ke shigowa da safe, ina zai zauna da baƙinsa ba tare da an ratsa ta kansu ba, taku nawa Mama za ta yi daga wannan ɗaki zuwa wancan, matakala za ta wahalar da shi nan da shekara ashirin ko a'a. In zanen ya fito ki gina masa shi da kwali a 1:50, mai rufin da ake ɗagawa, ki yanka ɗan mutum daidai tsawonsa ki tsayar a bakin ƙofa. Ki rubuto min bayan kun yi maganar ƙanwata, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, kuma daren yau ki kira Mama.